Kalmar da Na Kasa Faɗa wa Inna

A ƙarƙashin gadon Inna akwai wani kwali da ta hana a ƙone. Cikinsa takardun manna wa kwalba ne, sababbi fil, kowace da hoton zabi biyu suna fuskantar juna, da wani suna a rubuce da jan tawada. Sunan ba zan faɗe shi a nan ba, domin a idon doka yau ba namu ba ne. Duk lokacin da na je gaishe ta na zauna a bakin gadon nan, na san abin da ke ƙasa da ni, na kuma san bakina ne ya kai shi can. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko Allah zai sa wani ya tsira daga ramin da na jefa mutanena.

Inna ƙanwar mahaifiyata ce. Tana zaune a wani ƙauye na jihar Doso, tsakanin Kore Mairuwa da Tibiri, cikin Dallol Mauri, inda ruwa ke kusa da ƙasa, gyaɗa kuma ke yin kyau in damina ta yi albarka. Ita ce shugabar wata ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Da adashe suka soma. Su sayi gyaɗa da kaka lokacin da tiya ke da sauƙi, su ɓare, su soya, su kai niƙa, su dawo su yi ta juya tunkuza da ruwan zafi har mai ya taso. Aiki ne na damtse da haƙuri. Man nasu ya yi suna saboda ba sa gauraya shi da komai, kuma suna bari ya kwanta kafin su ɗura. Tun ana saye a kwalbar magani har aka koma saye a bido. Direbobin da ke bin babbar hanyar Yamai zuwa Ƙonni suka riƙa tsayawa suna tambayar "man zabi". Wata jikar Inna ce ta zana zabin a littafin makaranta, aka kai Dogondutsi aka buga.

Wata shekara aka gayyace su baje kolin kayan gona a Yamai. Can wani mutum ya tsaya gaban teburinsu, ya ɗauki kwalba ya jujjuya, ya tambaye su ko sun yi wa tambarin nan rajista. Da ya ga ba su gane ba, sai ya rubuta musu wasu kalmomi da Faransanci a bayan wata takarda, ya ce su nemi wanda ya yi karatu ya bi musu kadi. Inna ta ƙulle takardar a bakin zane, ta kawo mini har gida a Dutsi, wato Dogondutsi, domin ni ne ɗan boko na dangi, malamin makaranta, wanda kowa ke kira Mushe.

Ina tune da zaman kamar yau. Ta kwance ƙullin ta miƙo mini ta ce, "Ɗana, duba muna wagga takarda. An ce in ba mu yi abin da ke ciki ba, wani na iya amshe muna suna. Gaskiya ne?"

Na duba. Na ga haruffa huɗu, OAPI, da wasu kalmomi biyu da ke nufin ajiye tambari. Na taɓa jin sunan a rediyo, amma wallahi ban san aikinta ba, ban san inda ƙofarta take ba. Abin da ya kamace ni shi ne in ce, "Inna, ban sani ba, ba ni mako guda in tambayo." Sai girman kai ya riƙe mini harshe. Yara biyu da nake koyarwa suna tsakar gida suna ji, ita kuma ta taso tun daga ƙauye saboda ta yarda na sani. Na tambaye ta takardun da suke da su. Ta lissafa mini: takardar amincewa da ƙungiya, da takardar rajistar kasuwanci ta kotu wadda ake kira RCCM, da lambar haraji. Na ce mata, "Inna, ai kun gama komai. Sunanku na cikin takardun gwamnati da hatimi. Wannan na manyan kamfanoni ne, masu sayar da kaya ƙasashen Turai. Kuma wa zai ƙwace muku sunan da duk Arewa ta sani?"

Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To, alhamdu lillahi, ka hutar da mu." Kuɗin da suka fara warewa domin wannan aiki suka ƙara a sayen gyaɗa.

Akwai wani ɗan kasuwa da ke sarin mansu yana kaiwa birni. Shekara ta zagayo, ya rage saye, daga baya ya daina. Can sai labari ya zo cewa ana ganin man zabi a shagunan Yamai, cikin kwalabe masu kyau, amma ɗanɗanon ba shi ba ne. Matan suka ɗauka jabu ne irin wanda aka saba, suka ce gaskiya za ta yi halinta. Ba a jima ba ma'aikacin shari'a mai kai takardun gargaɗi ya iso ƙauyen. Takardar ta ce sunan nan da hoton zabi biyu mallakar wani ne, ya yi musu rajista a kan man girki, saboda haka ƙungiyar ta daina amfani da su ko a gamu a kotu. Ni aka sake kawo wa takardar in karanta. Na karanta mata da bakin da ya ce mata sun gama komai.

Ranar ce na soma yin abin da ya kamata in yi tun farko. Na shiga mota zuwa Yamai, na yi ta tambaya, na karanta abin da na samu. Ga abin da na koyo, kuma na koye shi a makare.

Nijar ba ta da rajistar tambari tata ita kaɗai. Tana cikin wata ƙungiya ta ƙasashen Afirka 17, wato OAPI, mai hedikwata a Yawunde ta Kamaru. Dokar da take aiki da ita ita ce Yarjejeniyar Bangi ta ranar 2 ga Maris 1977, wadda aka gyara a 1999, aka sake gyarawa a Bamako a 2015. Rajista ɗaya tana aiki a dukan ƙasashen nan: Benin, Burkina Faso, Mali, Cadi, Togo, Senegal da sauransu. Ba sai mutum ya je Yawunde ba. Kowace ƙasa tana da ofishin da ke karɓar takardu ya aika, namu kuwa yana Yamai, ana kiransa AN2PI. Da na tambaya a wancan lokacin, yini biyu sun ishe ni sanin wannan.

Kuskurena na farko shi ne na haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba. Takardar RCCM da lambar haraji suna shaida cewa kai ɗan kasuwa ne da hukuma ta sani, kana iya buɗe asusu a banki, kana biyan haraji. Ba su ba ka mallakar sunan da ke jikin kwalbarka. Wannan sai takardar rajistar tambari. Kamar mutum ne da katin ɗan ƙasa a aljihu yana zaton ya riƙe takardar gona.

Kuskure na biyu ya fi ciwo, domin ya taɓa abin da muka tashi a kai. A wurinmu, shaidar mutane ita ce hujja. In aka yi gardamar iyakar gona, dattawa ake kira su nuna inda gamba ta tsaya tun zamanin kakanni. Dokar tambari kuwa wanda ya riga kai takarda take kallo, shi take ba suna. Ba ta rufe ƙofa ruf ba: in wanda ya yi rajistar ya san wani ya riga shi amfani da sunan, na farkon na da damar ya tashi ya nemi haƙƙinsa. Amma damar na da wa'adi na 'yan watanni daga ranar da aka buga sanarwa a mujallar OAPI da ake kira BOPI, kuma ana son hujja a rubuce mai kwanan wata: rasiɗi, takardar ciniki, talla da aka buga. Wa'adin ya wuce muna zaune, domin babu mai duba mujallar a cikinmu. Da aka tambaye ni hujja, na koma ƙauye na tarar da ciniki na shekaru duk a ka yake, sai littafin adashe wanda ko sunan man babu a ciki. Mai buga takardun ma bai taɓa ba su rasiɗi ba. Lauyan da na gani ya gaya mini gaskiya: ana iya zuwa kotu, amma da hannu wofi za mu je, kuma abin da shari'ar za ta ci ya fi jarin ƙungiyar.

Na koma na faɗa wa matan a gaban Inna. Ban ɓoye komai ba. Na ce musu takardar da aka ba su a Yamai gaskiya ta faɗa, ni ne na ce a ajiye ta, kuma na faɗi haka ba da sani ba. Wata tsohuwa daga cikinsu ta ce, "Kura da shan bugu, gardi da amshe kuɗi." Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, da ka ce ba ka sani ba, da mun tambayi wani. Mi ya hana ka?" Har yau ban sami amsar da ta fi wannan tambaya nauyi ba. Malamanmu na zaure suna ba mu labarin Imamu Malik, wanda mutane ke tahowa daga nesa da tambayoyi, ya amsa wasu, a kan masu yawa kuma ya ce bai sani ba, bai ji kunya ba. Na sha jin labarin tun ina yaro, amma ranar da aka jarraba ni da shi na faɗi.

Abin da ya ƙara tsaya mini a rai shi ne, irin wannan ya taɓa faruwa ga ƙasa ɗungum, kuma a kan hanyarmu. Galmi tana nan gabas da Ƙonni, a jihar Tawa, albasarta kuwa ta kai har kasuwannin bakin teku. A 2006 wani kamfanin sayar da iri na Senegal ya nemi OAPI ta ba shi haƙƙin mallakar irin albasa da sunan Violet de Galmi, sunan da manoman Nijar suka gina da guminsu. Da labarin ya fito, manoma da gwamnatin Nijar suka tashi tsaye, kamfanin ya saki sunan ya koma wani. Bayan shekaru ana aiki, a 2023 aka ba Nijar takardun da suka ɗaure albasar Galmi da kilishin Nijar ga ƙasar da ta haife su, yadda aka yi wa barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru tun 2013. Habasha ma ta yi irin wannan ja-in-ja da kamfanin Starbucks na Amurka a kan sunayen gahawarta, Sidamo da Harar da Yirgacheffe, har aka sasanta a 2007. Waɗannan sun tsira da sunansu saboda an farga da wuri, an kuma sami masu bin takarda. Matan ƙauyenmu ni kaɗai gare su, ni kuwa na ce su kwanta.

Sai da muka sake sabon suna. A nan ma na koyi abubuwan da kowane mai ƙaramar sana'a ya kamata ya sani. Na so mu sa "Man Gyaɗa Tsantsa na Arewa", aka ce mini wannan ba ya kamuwa, domin bayanin kaya ne da sunan yanki, kowa na da haƙƙin faɗinsu. Tambari sai abin da ya bambanta ka da maƙwabcinka. Aka ce kafin mu buga ko takarda ɗaya, a bincika ko wani ya riga mu. Aka nuna mini cewa kayayyaki da ayyuka an kasa su aji 45, man girki yana aji na 29, kuma rajista tana kare ka ne a ajin da ka zaɓa. Tana ɗaukar shekara 10, ana sabuntawa iya yadda ake so, amma in aka bar tambari shekara 5 ba a aiki da shi, wani na iya neman a soke shi. Kuɗin ba wasa ba ne, jikkuna ɗaruruwa ne, sai da matan suka yi zubi na musamman, ni ma na sa abin da ya sawwaƙa daga albashina, ba don ya biya abin da na jawo ba. Kuma an yi rajistar da sunan ƙungiya, ba da sunan mutum ɗaya ba, don kada gobe rigimar gado ko saɓani ta raba su da shi.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, mu mutanen bakin iyaka. Daga Tibiri ko Dutsi, Kangiwa da Argungu da Birnin Kebbi sun fi mana kusa da wasu biranen ƙasarmu. Dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya. Amma Najeriya ba ta cikin OAPI. Takardar da ta kare ka a Dakar da Abijan ba ta da ƙarfi a Kebbi. Wanda kayansa ke tsallaka iyaka sai ya yi wata rajistar dabam a Abuja, inda ta farko ke ɗaukar shekara 7, sabuntawa kuma shekara 14. Yawancin 'yan kasuwarmu ba su san haka ba, kamar yadda ni ma ban sani ba.

Bayan wannan Allah ya sake kawo mini jarrabawa irin ta farko. Wani maƙeri a Dutsi, mutum mai basira da hannu, ya ƙera wata na'urar matse tunkuza da ake juyawa da hannu, wadda ke rage wa mata wahalar juyi. Ya kira ni ya ce, "Mushe, ɗauke ta hoto mai motsi ka sa muna a Facebook, duniya ta gani. Kuma in ce ko akwai takardar da ke hana a kwaikwaye ta?" Waya tana hannuna. Na mayar da ita aljihu na ce, "Malam, ban sani ba. Rufe ta da buhu, ba ni kwana bakwai."

Da na tambayo, na gode wa Allah da ban ɗauki hoton ba. Takardar mallakar ƙirƙira, wadda ake kira brevet da Faransanci, sharaɗinta na farko shi ne abin ya zama sabo, ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba ko'ina a duniya. Wanda ya baza ƙirarsa a intanet ko ya kai ta kasuwa kafin ya ajiye takarda, yana iya kashe sabuntarta da hannunsa. Sharaɗi na biyu, kada ta zama abin da kowane gwani a sana'ar zai iya hangowa cikin sauƙi. Na uku, ta zama abin da za a iya ƙerawa a yi aiki da shi. Ba a ba da takarda a kan tunani kawai, sai an bayyana yadda abin ke aiki dalla-dalla, da zane. In an samu, tana ɗaukar shekara 20 daga ranar ajiyewa, ana biyan kuɗi duk shekara, bayan nan ƙirar ta zama ta kowa. Akwai kuma wata ƙaramar takarda ta shekara 10 da aka tanada domin gyare-gyaren kayan aiki irin na maƙeranmu, ita ce ma aka ba shi shawarar ya duba. Na kawo masa bayanin duka, har da kuɗin da abin zai ci, na bar masa zaɓi, domin ƙirarsa ce kuma aljihunsa ne.

Matan ma sun tambaye ni ko za a yi wa haɗin yajin ƙuli-ƙulinsu irin wannan takarda. Wannan karon da sani na amsa. Ƙuli-ƙuli abin gado ne, ba sabo ba, babu mai mallake shi. Haɗin da ya bambanta nasu kuwa, rufin asiri ya fi masa takarda, domin mai neman takarda dole ya bayyana sirrinsa a buga. Kamfanin Coca-Cola ya fi shekara 100 yana riƙe da haɗinsa ta wannan hanya. Tun daga ranar, mata uku kaɗai ke haɗa yajin, a cikin ɗaki.

Sabon sunan ya soma kama bakin mutane, amma a hankali. Har yanzu wasu direbobi na tsayawa su tambayi man zabi, a ce musu ga shi nan ya sake riga, wasu su yarda, wasu su wuce. Shekarun da aka yi ana gina sunan farko ba za su dawo ba. Yanzu ƙungiyar na da littafin ciniki, kowane bido da ya fita ana rubuta ranarsa da wanda ya saya, jikar Inna da ta zana zabin ita ke riƙe da shi. Na taɓa tambayar Inna dalilin da ya sa ta ƙi ƙone kwalin. Ta ce, "Na bar shi don 'yan baya su gani." Ta yafe mini tun tuni, ta faɗa da bakinta, amma yafiya ba ta goge darasi.

Kirana ga masu sana'a na Arewa, daga Matankari da Dankasari har Gesheme da Dumega, masu man gyaɗa da masu sabulu, masu garin yara da masu ɗinki, maƙera da masu walda: in kayanku sun fara suna, ku sani an fara kallonsu. Ku ajiye rasiɗi, ku rubuta kwanan wata, ku bincika sunan kafin ku buga shi, ku kai takarda kafin wani ya riga ku. In kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a haɗu a ƙungiya. Mai sabuwar ƙira kuma ya rufe ta har sai ya tambayi masana.

Babban kirana kuwa ga 'yan'uwana ne 'yan boko, waɗanda iyayenmu ke kawo wa takarda a ƙulle a bakin zane. Sun sayar da akuya da hatsi sun sa mu makaranta domin mu zama idonsu. Amana ce suke miƙo mana tare da takardar nan. In ka sani, ka faɗa. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka tashi ka tambayo, domin matambayi ba ya ɓata. Ni na ƙi faɗin kalma uku, mata masu yawa suka biya da gumin shekaru. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.